Motar Sarakuna Da Ma'aikatan Masaƙar Mulhouse

A wurinmu idan aka ce tsohuwar mota, abin da ke fara zuwa a rai shi ne wata akwala da aka ɗora bisa duwatsu a bayan gida, kaji na ƙwai a cikinta, ana jiran ranar da 'yan gwangwan za su zo su yi mata kuɗi da kilo. A wasu ƙasashe kuwa an daɗe da mayar da tsohuwar mota abin tarihi, ana ajiye ta kamar yadda ake ajiye tsohon littafi ko takobin wani sarki, har ma akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai gyaran irin waɗannan motoci. Na zaɓi in kawo mana labarin mota iri ɗaya tak, wato Bugatti Royale, da na wasu 'yan'uwa biyu da suka tara motoci a asirce a ƙasar Faransa, domin a cikin labarin nan akwai gwaninta, akwai almubazzaranci, akwai haƙƙin ma'aikata, sa'an nan akwai gardamar da har gobe masana ba su gama ta ba, wato shin gyara tsohon abu adana tarihi ne ko kuwa share shi.

An haifi Ettore Bugatti a birnin Milan na Italiya a shekarar 1881, cikin gidan masu fasahar hannu. Mahaifinsa gwanin ƙera kujeru da kayan ɗaki ne, ƙanensa Rembrandt kuma gwanin sassaƙa siffofin dabbobi. Shi Ettore bai yi karatun injiniya a jami'a ba, a bakin aiki ya koya. A shekarar 1909 ya kafa masana'antarsa a wani ƙaramin gari mai suna Molsheim a lardin Alsace, wanda a lokacin yana hannun Jamus, sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Faransa. Abin da ya fara fito da sunansa shi ne ƙananan motocin tsere marasa nauyi, musamman wadda ake kira Type 35, wadda ta fito a 1924 ta kuma ci tsere fiye da 1,000.

To, da suna ya samu, sai Ettore ya ƙudura zai ƙera motar da babu kamarta a duniya, wadda sarakuna kaɗai za su hau. Ita ce Type 41, wadda aka fi sani da Royale. Tsawonta ya kai kusan mita 6.4, nauyinta ya haura tan 3. Injinta mai silinda 8 ne a jere, girmansa lita 12.7. Don mu gane abin da wannan ke nufi, injin Peugeot 504 da muka taso muna gani lita 2 ne, wato sai an haɗa injin 504 shida kafin a kamo na Royale ɗaya. Giyarta uku ce kacal, domin ƙarfin injin ya sa direba ba ya bukatar yawan canji. A kan lagireto aka kafa mata siffar giwa tsaye bisa ƙafafun baya, daga cikin ayyukan Rembrandt, wanda ya riga ya rasu tun 1916. Kuɗin shasi da inji kawai, ba tare da bodi ba, ya kai dala 30,000, a zamanin da ake samun sabuwar Ford a Amurka a kan dala 500. A wancan lokaci ƙa'idar manyan motoci ke nan: kamfani ya sayar maka da ƙashin mota, kai kuma ka kai wa masu ƙera bodi su ɗinka mata rigar da kake so, kamar yadda mutum ke yankar shadda ya kai wa tela.

Ettore ya yi niyyar ƙera 25. Shida suka tabbata, uku kaɗai aka sayar, kuma babu sarki ko ɗaya a cikin masu sayen. Sarki Alfonso na 13 na Sifaniya, wanda aka sa ran zai saya, ya rasa gadonsa a 1931. Tun kafin nan ma, faɗuwar kasuwar hannun jari ta Amurka a 1929 ta jefa duniya cikin matsin tattalin arziki, masu kuɗin da suka rage kuma suna jin nauyin a gan su cikin irin wannan mota alhali jama'a na layin karɓar abinci. Waɗanda suka saya su ne wani attajirin tufafi Bafaranshe mai suna Armand Esders, da wani likitan mata Bajamushe mai suna Josef Fuchs, da wani Baturen Ingila, Kyaftin Cuthbert Foster. Ta Esders ita ce ta fi kyau, ɗan Ettore mai suna Jean ne ya zana ta yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma an yi ta babu fitilun gaba saboda mai ita ya ce shi ba ya tuƙin dare.

Da wani ne, da ya rungume hannu ya ce asara ta same shi. Ettore sai ya ɗauki injinan da suka yi kwantai ya sa su a cikin wani sabon jirgin ƙasa mai sauri da ya zana, wanda kowane ke ɗauke da inji biyu ko huɗu. Hukumomin jiragen ƙasa na Faransa suka karɓa daga 1933, aka ƙera 88, ɗaya daga ciki ya yi gudun kilomita 196 a awa a 1934, kuma sun yi aiki har 1958. Ashe injin da aka yi don sarakuna, fasinjojin jirgin ƙasa ne za su more shi, kuma kuɗinsu ne ya riƙe masana'antar a shekarun wahala.

Jean ya rasu a haɗari a watan Agusta 1939 yana gwajin motar tsere, makonni kaɗan kafin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu. Royale ukun da ba a sayar ba, iyalin suka kai su gidansu na Ermenonville kusa da birnin Faris, suka gina bango suka toshe su don kada sojojin Jamus su kwashe. Ettore ya rasu a 1947, masana'antar kuma ba ta sake miƙewa ba a hannun iyalinsa. A 1950 wani attajirin Amurka mai sha'awar tsere, Briggs Cunningham, ya sayi biyu daga cikin motocin nan a hannun 'yar Ettore, a kan kuɗi kaɗan haɗe da sabbin firiji biyu, domin a Faransar bayan yaƙi firiji ya fi tsohuwar mota mai shan mai wuyar samu. Ɗaya daga cikin biyun nan ce aka yi gwanjonta a Landan a 1987 a kan fam miliyan 5.5, kuɗin da ba a taɓa sayen mota da shi a gwanjo ba kafin ranar.

Ta likita Fuchs ta fi kowacce shan yawo. Ya fita da ita daga Jamus, ta bi ta Shangai, har ta dire a Niyok. Can sanyin hunturu ya daskarar da ruwan da ke cikin injin, injin ya tsage, daga ƙarshe ta faɗa hannun masu sayen ƙarafa. A shekarun 1940 wani babban injiniyan kamfanin General Motors, Charles Chayne, ya tsamo ta daga nan ya gyara. Sai dai a wajen gyaran ya cire kabureta ɗaya da ta zo da ita ya sa huɗu, ya sauya kayan ciki, ya kuma mayar da fentinta daga baƙi zuwa fari. Daga baya ya ba da ita kyauta ga gidan tarihi na Henry Ford a jihar Michigan, inda take da farin fentin nan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Ba don Chayne ba da tuni an narkar da motar, amma wadda ya ceto ba daidai take da wadda ta fito daga Molsheim ba.

Yanzu sai mu koma kan 'yan'uwan nan biyu. Hans Schlumpf, wanda aka haifa a 1904, da ƙanensa Fritz, na 1906, an haife su a Italiya, ubansu ɗan Suwizalan ne, uwarsu Jeanne kuma 'yar Mulhouse ce, garin da Faransawa ke furtawa Muluz. A nan suka girma a hannunta bayan rasuwar uban. Mulhouse garin masaƙu ne tun ƙarni na 18. 'Yan'uwan suka shiga cinikin ulu, suka kafa kamfani a 1935, sannu a hankali suka mallaki masana'antar kaɗa zare ta ƙauyen Malmerspach da wasu da dama. Hans ne mai riƙe lissafi, an kuma san shi da tsumulmula. Fritz shi ne mai zafin nama da son a san da shi. A 1957 mahaifiyarsu ta rasu, a shekarar kuma suka sayi wata tsohuwar masaƙar ulu a cikin Mulhouse.

Daga farkon shekarun 1960 Fritz ya shiga sayen tsofaffin motoci kamar wanda aka yi wa asiri. Ya rubuta wa masu Bugatti wasiƙu a ƙasashe daban-daban yana neman su sayar masa, yana saye ba ɗaya-ɗaya ba, garke-garke. A 1963 ya kwashe abin da ya rage a tsohuwar masana'antar Molsheim, da motoci da injina da kayan gyara, har da Royale ta Ettore kansa, wadda ake kira Coupé Napoléon. A 1964 ya sayi Bugatti 30 a hannun wani Ba'amurke mai suna John Shakespeare a jihar Illinois a kan dala 85,000, har da kuɗin dako. A cikinsu akwai Royale ɗin Kyaftin Foster. Aka loda su a taragun jirgin ƙasa zuwa New Orleans, daga nan jirgin ruwa ya kai su Faransa. Bai tsaya kan Bugatti ba: Rolls-Royce, Hispano-Suiza, Mercedes, Maybach, Ferrari, Maserati, Panhard, Peugeot na farkon zamani, duk ya tara, har suka haura 500.

Duk wannan a ɓoye ake yi. An keɓe wani ɓangare na masaƙar, aka zuba masu sana'a kusan 40, kanikawa da masu bugun bodi da kafintoci da dukawa da masu fenti, aka ɗaure su da alkawarin ba za su faɗi abin da suke yi ba. Ina so in ɗan daɗe a kan aikin mutanen nan, musamman saboda malamanmu na aikin ƙarfe da na katako waɗanda suka sha fama da mu a ɗakin koyon sana'a, domin su ne za su fi kowa gane wahalarsa.

Gyaran irin wannan mota ba ya farawa da sufana, da takarda yake farawa. Sai an bi lambar shasi da ta inji, an binciko littattafan masana'anta da tsofaffin hotuna, an san yadda motar ta fito da hannayen da ta bi, kafin a taɓa ƙusa ɗaya. Sa'an nan a warware ta gaba ɗaya, kowane ƙarfe a ɗaura masa lamba. Bodin manyan motocin wancan zamani ba ƙarfe zalla ba ne kamar na yau. Akwai ƙashi na katako a ciki, galibi na wani itace mai ƙwari da jure lanƙwasa da Turawa ke kira ash, a kansa ake lulluɓa fallayen alminiyom ko ƙarfe. Idan ruwa ya shiga, katakon ya ruɓe daga ciki alhali waje na ƙyalli. Kafinta zai sassaƙa sabon gungume daidai da tsohon, mai bugun bodi kuma ya ɗauki falle shimfiɗaɗɗe ya yi ta bugu da guduma bisa jakar yashi, yana murza shi tsakanin wasu ƙafafun ƙarfe biyu, har ya fitar da kumburin da ake so. Babu wani kanti da za a je a sayo murfin taya na motar da guda shida aka yi a duniya.

Injin Bugatti kuma yana da nasa halin. Kan silinda, abin da kanikawanmu ke kira tof, ba a kwance shi, domin a haɗe aka zuba shi da jikin injin. Amfanin haka shi ne babu gaskit ɗin da zai ƙone. Illarsa kuwa, duk ranar da za a wasa bawul, sai an sauke injin, an cire karanshaf da fistin, an shiga ta ƙasa. A Royale bawul 24 ne, uku a kowace silinda. Sauran mahaɗan injin ma da hannu ake kankare su har fuska biyu su manne ba tare da mai ya zuba ba. Mazaunin da karanshaf ke juyawa a ciki, a yawancin motocin zamanin, ba sayensa ake yi a kwali ba: narkar da farin ƙarfe mai taushi ake yi a zuba, a fafe shi, a shafa shuɗin alli a juya a ga inda ya taɓa, a kankare, a sake gwadawa, har sai ya zauna. Birkin Royale na waya ne, babu wani abin da ke taimakon ƙafar direba, a motar da ta fi tan uku. Bayan wannan ga fatar kujeru da ake cusa wa gashin doki, ga wayoyin lantarki masu rigar zare, ga fentin da ake shafawa ana gogewa sau da yawa. Mota ɗaya takan ci awoyi dubbai na aikin hannu.

Amma Fritz yana da wata ɗabi'a da masana suka daɗe suna sukarsa a kanta. Yana son shuɗi, launin motocin tseren Faransa, saboda haka Bugatti da yawa da suka shigo hannunsa da nasu launi, sai ya sa a mayar da su shuɗɗa. Haka nan, da ya ga ba zai sami Royale ta Esders yadda take a da ba, domin mai ita na biyu ya sa an cire bodin nan mai kyau an ɗora wani tun kafin yaƙi, sai ya sa ma'aikatansa su fara ƙera masa wata daga kayan gyaran da ya kwaso a Molsheim. Ba a gama ta ba sai 1990, bayan komai ya fita daga hannunsa. Ta ainihin kuwa, da bodinta na biyu, kamfanin Volkswagen ne ya saye ta a 1999, shekara guda bayan ya mallaki sunan Bugatti.

Wurin da ya shirya don baje motocin zaure ne mai faɗin murabba'in mita 17,000, an shimfiɗa tsakuwa, an ja hanyoyi da jan tayil, an kafa fitilu 800 irin na gadar Alexandre III da ke Faris. A bakin shiga ya yi wurin tunawa da mahaifiyarsu, wadda ya sadaukar da gidan gare ta. Ya shirya wuraren cin abinci a ciki, ya kuma sayi babban otal a garin don saukar baƙin da za su zo buɗewa. Ba a yi bikin buɗewar ba.

A shekarun 1970 masaƙun Turai suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Tufafi masu araha na shigowa daga Asiya, farashin mai ya tashi a 1973, injinan Schlumpf kuma sun tsufa, domin kuɗin da ya kamata a sabunta su da shi ya tafi wajen motoci. A 1976 'yan'uwan suka ce sun gaza, suka sa masana'antunsu a kasuwa a kan faran ɗaya tak, babu wanda ya taya. Ma'aikata kusan 2,000 suka ga aikinsu zai salwanta. A ƙarshen Satumba na shekarar ma'aikatan Malmerspach suka kewaye gidan 'yan'uwan suka hana su fita har kwana uku, sai da 'yan sanda suka zo suka fitar da su, suka tsallaka iyaka zuwa Basel a Suwizalan. Duk wanda ya san unguwar Kakuri a Kaduna kafin rufe masaƙar KTL a 2002 da bayan rufe ta, ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da rufe masaƙa ke yi wa gari.

Ranar 7 ga Maris 1977 wasu 'yan ƙungiyar ƙwadago suka kutsa cikin tsohuwar masaƙar Mulhouse. An daɗe ana raɗe-raɗin akwai motoci a ciki, amma ba wanda ya zaci abin ya kai haka: ɗaruruwan motoci a jere suna walƙiya a ƙarƙashin fitilu. Cikin fushi aka ƙona wata tsohuwar Austin 7 da ba a gyara ba. Daga ita ba a ƙara ƙona ko ɗaya ba. Ma'aikatan suka mamaye wurin, suka raɗa masa suna Gidan Tarihin Ma'aikata, suka buɗe wa jama'a kyauta, mai niyya ya jefa taimako a akwati. Kusan shekara biyu suna riƙe da shi, mutane wajen 800,000 suka shiga kallo.

A nan ne nake ganin labarin ya wuce zancen mota. Masu kare Fritz suna cewa a lokacin da yake sayen motocin nan ba wanda ya damu da su, da yawa da sun ƙare a tukunyar narka ƙarfe, kuma abin da ya tara yau ya fi masaƙun daraja nesa ba kusa ba. Wannan gaskiya ne. Amma ni ma'aikacin gwamnati ne, kullum ina cikin fayil da baucan biya, kuma abin da aka fara koya mana shi ne kuɗin da aka ware don abu kaza ba ya zama halal a kashe shi a wani abu don kawai wancan abin ya yi kyau. Albashin kanikawan ɓoye da kuɗin motoci da yawa daga asusun kamfanonin suka fito, kotun Faransa kuma ta sami 'yan'uwan da laifin karkatar da dukiyar kamfani. Matar da ta yi shekara ashirin a gaban injin kaɗa zare ba a tambaye ta ko ta yarda a sayi Royale da guminta ba. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne mutanen da aka cuta su ne suka yi gadin motocin dare da rana, alhali ashana ɗaya ta isa.

Masu bin bashi sun so a yi gwanjon motocin ɗaya-ɗaya, abin da zai watsa su duniya. A 1978 gwamnatin Faransa ta sa tarin cikin jerin kayan tarihin ƙasa, wanda ya hana fitar da su waje. A 1981 aka sayar da shi a dunƙule a kan faran miliyan 44 ga wata ƙungiya da ta haɗa hukumar birnin Mulhouse da ta lardi da ta yankin Alsace da 'yan kasuwa da ƙungiyar masu motoci ta Faransa, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihin motoci na ƙasa ranar 10 ga Yuli 1982. 'Yan'uwan suka yi ta shari'a daga Basel suna cewa an yi musu ƙwace da arha. A 1989, shekarar da Hans ya rasu, kotu ta ba da umarnin a haɗa sunan Schlumpf da sunan gidan. Fritz ya rasu a 1992. Motoci fiye da 400 ke baje a zauren, Bugatti sun haura 100, Royale biyu na asali da ta ukun da aka ƙera daga baya suna tsakiya. A wani gidan tarihin jiragen ƙasa da ke garin kuma akwai guda ɗaya da ya rage daga jiragen nan 88.

Akwai wasu motoci 62 da aka samu jibge a Malmerspach, waɗanda hannun masu gyara bai kai gare su ba. A 1999 kotu ta mayar wa matar Fritz da su, daga baya wani attajirin Amurka, Peter Mullin, ya sayi da yawa daga ciki. Abin mamaki, bai gyara su ba. Ya baje su a gidan tarihinsa na Kalifoniya da ƙurarsu da tsatsarsu da yagaggun kujerunsu. A shekarun Chayne da Fritz da an ce ya yi hauka, domin a lokacin ma'aunin gyara shi ne mota ta fi yadda ta fito daga masana'anta ƙyalli. Sannu a hankali masana suka lura cewa duk motar da aka kankare fentinta, aka sake fatarta, aka canza katakonta, an shafe shaidar yadda mutanen da suka yi aikinsu: irin ɗinkinsu, alamar gudumarsu, lambobin da suka rubuta da fensir a bayan allon ƙofa. Ana iya sake gyara mota sau goma, amma kasancewarta ta asali sau ɗaya ne.

Misalin da ya fi kowanne tsanani shi ne wata ƙaramar Bugatti ta 1925 da aka jefa a tafkin Maggiore, kusa da garin Ascona na Suwizalan, a 1936, saboda ba wanda ya yarda ya biya kuɗin kwastan a kanta. An ɗaura mata sarƙa, sarƙar ta yi tsatsa ta tsinke, motar ta nutse zurfin fiye da mita 50. Ranar 12 ga Yuli 2009 aka tsamo ta. Gefen da ya nutse cikin laka ya tsira, gefen da ke cikin ruwa kuwa ya cinye. A Janairu 2010 aka yi gwanjonta a Faris a kan yuro 260,500, Mullin ya saya, ya ajiye ta yadda ta fito daga ruwa. Da an ce a gyara ta, da sai an ƙera kusan komai sabo, a sami mota mai kyau wadda ba ta taɓa kwana a tafki ba. Mullin ya rasu a 2023, aka rufe gidan tarihinsa a 2024, aka yi gwanjon motoci da yawa, wanda ya nuna hikimar abin da Faransa ta yi a 1978.

Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta fitar da ƙa'idojinta da ake kira Yarjejeniyar Turin, waɗanda suka fara aiki a 2013. Gundarinsu shi ne a taɓa kaɗan gwargwadon iko, a yi amfani da kaya da dabarun zamanin motar, duk abin da aka sauya a rubuta shi, sauye-sauyen da mota ta samu a tsawon rayuwarta kuma a ɗauke su a matsayin tarihinta. Bisa wannan ma'auni, farin fentin Chayne da shuɗin Fritz su ma yanzu sun zama tarihi, wanda ya kankare su don neman asali ya sake yin irin ɓarnar da ake zarginsu da ita. A gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, wadda ake yi tun 1950 kuma aka san ta da motocin da aka goge har ƙusoshinsu na ɗaukar ido, babbar kyautar 2024 ta tafi ga motar da ba a gyara ba, karo na farko a tarihin gasar. Bugatti Type 59 ce ta 1934, da kujerunta da suka tsattsage da fentinta da ya dusashe, kuma ita kam sarki ya taɓa mallakarta, Leopold na 3 na Beljiyam.

Ni dai ban ga laifin gyara ba idan mota ta kai ga halaka, kuma ina ganin inji an yi shi ne don ya tashi, a ji ƙararsa, a ga yadda yake aiki. Amma akwai motar da darajarta ke cikin raunin da ke jikinta, kuma ba sai mun je Turai za mu ga irinta ba. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas akwai baƙar Marsandi, ƙirar 230.6, wadda Janar Murtala Muhammed ke ciki lokacin da aka harbe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976, watanni bakwai da 'yan kai kafin ma'aikatan Malmerspach su kewaye gidan 'yan Schlumpf. Ba motar alfarma ba ce irin Royale, kamfanin ya ƙera dubban irinta, kowane ƙwararren mai bugun bodi zai iya toshe ramukan harsashin da ke jikinta ya fesa fenti cikin mako guda. Abin da take bukata shi ne rufin da ba ya yoyo, da ɗaki marar danshi a garin da iskar teku ke cin ƙarfe, da ma'aikacin da zai riƙa duba tsatsa a gefen ramukan yana rubutawa.